Me ya sa ake adawa da manyan madatsun ruwa a dajin Amazon?

Tambaya: Malam, a makaranta an koya mana cewa wutar lantarkin da ake samu daga ruwa ba ta gurɓata iska. To me ya sa 'yan asalin dajin Amazon a Barazil suke ta kuka da madatsun da ake gina musu?

Amsa: Malama, injin kam ba ya hayaƙi, amma a duba tafkin da ke bayansa. Ƙasar Amazon shimfiɗaɗɗiya ce, da an tare kogi sai ruwa ya bazu ya haɗiye daji. Madatsar Balbina, wadda ta fara aiki a 1989, ta shanye kusan murabba'in kilomita 2,360 saboda wutar lantarki megawat 250 kacal. Kainji tamu an saka mata injinan megawat 760, kuma tafkinta bai kai wannan faɗin ba. Ba a sare itatuwan Balbina kafin a cika ruwan ba. Har yau matattun kututture na nan tsaye cikin tafkin, abin da ya nutse kuma yana ruɓewa yana fitar da iskar metan, irin wadda ke tashi daga juji, wadda ta fi iskar kabon saurin ɗumama duniya. Mutanen Waimiri-Atroari kuwa, 'yan asalin wurin, sai da aka tashi wasu ƙauyukansu.

Wadda ta fi taɓa mini zuciya ita ce Belo Monte a kogin Shingu, mai megawat 11,233, da aka kammala a 2019. Can ba tafkin ne babbar illar ba. An haƙa hanya aka karkatar da mafi yawan ruwan, aka bar wani babban lanƙwasar kogin, mai tsawon fiye da kilomita 100, da ɗan ragowa. Ƙabilar Juruna a nan suke zaune, kuma kifi ne abincinsu. A da, in damina ta yi kogi yakan shiga daji, 'ya'yan itace su faɗo cikin ruwa, kifi ya ci ya yi ƙiba ya saka ƙwai. Yanzu 'ya'yan itacen a busasshiyar ƙasa suke faɗuwa, masunci ya jawo koma ya ga kifi a rame.

A birnin Altamira, da ke kusa da madatsar, da kewayensa an tashi aƙalla mutum 20,000, masunta da yawa aka kai su unguwanni nesa da bakin kogi, inda kwalekwale ba shi da amfani. Ga shi da rani ruwan Shingu janyewa yake yi ƙwarai, sai yawancin injinan su tsaya cik, wutar da aka yi duk wannan ɓarna dominta ta ragu zuwa ɗan abin da bai taka kara ya karya ba.