Canza lainin birkin baya a gida

Malam, ka tambaya ko za ka iya canza lainin birkin baya na motarka da kanka tunda ya fara ƙara. Za ka iya, amma a yi a hankali, don rayuka ne a cikin motar.

Ajiye ta a daidaitaccen wuri, ka tokare tayoyin gaba, ka saki birkin hannu. In ba ka sake shi ba, daram, wato murfin ƙarfen da ke bayan taya wanda ya rufe lainin, ba zai fita ba. Kada ka dogara da jak kaɗai, ka ƙara mata matokari mai ƙarfi.

Da ka cire daram, ɗauki hoto da wayarka kafin ka taɓa komai, domin sifirin-sifirin ɗin nan su ne ke rikita mutane wajen mayarwa. Gama ɓangare ɗaya kafin ka kwance ɗayan, ya zame maka abin dubawa. Amma duka biyun za ka canza, in ba haka ba mota za ta riƙa ja gefe. Kuma kada kowa ya taka birki alhali daram na waje, fistin da ke tura lainin zai fito daga mazauninsa, wato silinda. In ka ga man birki na tsatsa daga silindar, ita ma a canza ta, don mai na lalata sabon lainin.

Ƙurar ciki tana cutar da huhu, kada ka hura, goge ta da jiƙaƙƙen tsumma.

In za ka sayi sabon lainin a kasuwar Panteka ta kayan gyara, tafi da tsohon a gwada. Bayan ka haɗa, daidaita har daram ya riƙa juyawa da ɗan gogawa kaɗan, ka taka birki sau da yawa, sannan ka gwada a cikin layinku kafin ka hau Titin Ahmadu Bello.