Amsa ga Malam mai tambaya kan majalisar jiha da muhalli

Salam Malam, ka tambaya me ya kamata 'yan majalisarmu ta jihar Zamfara da ke Gusau su sa gaba a harkar muhalli. To ni dai a ganina gubar dalma ce ta farko, wallahi duk wanda ya ga abin da ya faru a Anka da Bukkuyum a 2010 ba zai manta ba, yara sama da 400 suka rasu saboda ana nika dutsen zinare mai dauke da dalma a cikin gida, kurar ta zauna a tsakar gida inda yara ke rarrafe suna sa hannu a baki, sai da likitocin kungiyar agaji ta MSF suka zo, a kauyen Bagega na Anka ma sai da aka kankare kasar gidaje aka zuba sabuwa.

Amma ka sani, lasisin hakar ma'adinai na gwamnatin tarayya ne, majalisar jiha ba ta da hurumi a nan. Abin da ke hannunsu shi ne kasafin kudi da dokar tsaftar gari da daji. Su ware kudin gwajin jinin yara, su hana nika dutse cikin unguwa, wannan kam ikonsu ne.

Sai gawayi. Je ka kasuwa ka ga buhuna jibge, alhali muna cikin jihohi 11 na shirin Great Green Wall, wato shirin dashen itatuwa don tare hamada. Dashen itace na hoto ba ya kai rani, akuya ta cinye.

Mambobin 24 ne kacal, ka nemi na mazabarka ku kai mai korafi a rubuce kafin zaman kasafi.