Ku Tambaya, Mu Amsa: Spider-Man 2 Ya Kamo Ƙafar Yayansa Kuwa?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Na buga Marvel's Spider-Man na 2018 har sau biyu, na Miles Morales ma na gama shi. Yanzu na samu na'urar wasa ta PlayStation 5 (PS5), ina son sayen Spider-Man 2, amma abokaina sun rabu gida biyu. Wasu sun ce ya fi na farko nesa ba kusa ba, wasu sun ce tsohon gem ne aka sauya wa riga. Maganar wa zan kama? — Wani mai karatu

Amsa: Wa'alaikumus salam ƙanena. Ni sau biyu na gama shi, na farko a makon da ya fito cikin Oktoban 2023, na biyu bayan an ƙara masa damar sake bugawa da duk kayan da ka tara, a Maris ɗin 2024. Abin da zan ce maka shi ne, a hannu ya fi yayansa, a labari kuwa bai kamo ƙafarsa ba.

Mu fara da hannun. Na 2018 don PS4 aka gina shi, ita kuwa faifanta na juyawa ne, ba ya iya ɗauko gine-gine da sauri. Dole kamfanin Insomniac ya sa wa lilon Spider-Man linzami, don kada ka riga birnin isa inda za ka. PS5 ta cire wannan linzamin. Tun a faɗan farko da Sandman, mugun nan mai jikin yashi, za ka gane, lokacin da ya wurga Miles ya keta unguwanni cikin ƙiftawar ido, ya kuma dawo fagen faɗan ba tare da an tsayar da kai jira ba. Gaba kaɗan akwai inda kake bin ɓarauniya Black Cat tana buɗe ƙofofin tsafi, ka faɗa ɗaya sai ga ka cikin ƙanƙarar Antatika, kafin ka gyara zama ka dawo Niyu Yok. Nan sai da na ajiye hannun gem ɗin na yi dariya ni kaɗai.

Birnin ma ya kusa ninkawa, don an ƙara Brooklyn da Queens a kan Manhattan. Sai dai a Queens gidajen gajeru ne, ba dogayen benayen da za ka maƙala zare. Shi ya sa aka ba Peter Parker da Miles, Spider-Man biyun da kake sarrafawa, fukafukan saƙa a ƙarƙashin hammata, da hanyoyin iska da ke kwasar mutum su tsallakar da shi kogin da ya raba unguwannin. Wasu na ƙorafin cewa fukafukan sun kashe daɗin lilo, kuma da farko na yarda da su, don na kama kaina ina shawagi kamar shirwa na manta da zaren. Maganin yana cikin saituna. Akwai ma'aunin taimakon lilo daga 10 zuwa 0. Sauke shi ƙasa sosai, ka kunna jin ciwo in an faɗo. Daga nan duk kuskuren da ka yi, bango ne zai gaya maka.

Faɗa kuma an ƙara masa tare duka, wato ka kare hari daidai lokacin da ya iso ka mayar da martani, kuma akwai hare-haren da kauce musu ba ya wadatarwa. Na ji daɗin wannan. Abin da ban ji daɗinsa ba shi ne rage kayan aiki. A na farko takwas ne, a nan an bar huɗu ban da harba zare, aka mayar da hankali kan ƙarfin baƙar rigar Peter, wadda wata halitta ce daga sararin samaniya da ta manne masa, da wutar lantarkin Miles. Ƙarfin yana da daɗin kallo, amma dabarar da muke yi a da ta kafa tarko a jikin bango mu laɓe ta ragu.

Yanzu labarin, kuma ba zan fasa maka ƙwai ba. Ka tuna abin da ya sa ƙarshen na 2018 ya taɓa zuciya? Awanni ka yi kana shiga ɗakin binciken Otto Octavius, kana gyara masa na'urori, kana ganin yadda Peter ke kallonsa kamar uba. Da abin ya lalace, kai ma sai ka ji an ci amanarka. A na biyun an so a yi irin haka da Harry Osborn, aminin Peter tun suna yara, kuma farkon ya yi kyau, musamman ranar da suka fita shaƙatawa a Coney Island. Amma an ɗora wa labarin kaya fiye da ƙarfinsa: ga Kraven da mafarautansa, ga Lizard, ga Martin Li da Miles ke riƙe da shi a rai saboda mutuwar mahaifinsa, ga Peter da baƙar riga ke sauya masa hali, sannan ga Venom, dodon da baƙar rigar ke haifarwa. Kraven ya cinye kusan kashi biyu cikin uku na lokacin. Venom, wanda saboda shi mutane da yawa suka sayi gem ɗin, kuma marigayi Tony Todd ya yi masa murya mai sa tsigar jiki tashi, ya zo a makare, aka yi ta sauri da shi kamar ana tsoron dare ya yi. Sau ɗaya tak ake ba ka shi ka sarrafa.

Inda marubutan suka nuna gwanintarsu a wurina ƙananan ayyukan gefe ne. Kada ka tsallake na dattijo Howard mai tattabaru. Haka na Hailey, yarinyar nan kurma mai zane a bango, inda ake dusashe sauti don ka ji duniya yadda take jin ta. Minti goma-goma ne, amma su na fi tunawa.

Tambaya: Malam, an ce gem ɗin gajere ne. Ya cancanci kuɗinsa? — Wani ɗalibi

Amsa: Dala 70 aka sa masa a Amurka ranar fitowa. Labarin kaɗai zai ci maka awa 15 zuwa 18, in kuma sai ka share komai a taswira, da wuya ka kai awa 30. Ni ban ɗauki wannan aibi ba, don na gaji da gem ɗin da ke cika taswira da tarkace don a ce yana da tsawo. Abin da ya fi ba ni haushi shi ne an buɗe labarin ƙungiyar asiri ta Flame aka bar shi a rataye, muka zaci za a ƙarasa shi a ƙarin babi kamar yadda aka yi wa na farko babi uku, sai a Oktoban 2024 kamfanin ya ce ba shi da shirin yin ƙari. Kasuwa dai ta karɓe shi, kwafi miliyan 2.5 cikin awa 24, amma a bikin The Game Awards na 2023 ya shiga takara a rukuni bakwai ya fito hannu rabbana, Baldur's Gate 3 ya ɗauke babbar kyautar. Tunda kai ɗalibi ne, jira ragin farashi. In a kwamfuta za ka buga, ya fito a ranar 30 ga Janairun 2025, kuma ya zo da matsalar ɗaukewa ana tsakiyar wasa, don haka ka tabbata ka sauke gyare-gyaren da suka biyo baya.

Tambaya: Ɗana shekararsa tara, ya dame ni da wannan gem ɗin. In saya masa? — Wata uwa

Amsa: Hajiya, sunan Spider-Man ne ke ruɗar iyaye. Hukumar tantance wasanni ta Turai ta sa masa shekara 16, ta Amurka kuma ta ce na matasa ne daga 13. Rabin farko ba abin da zai tayar masa da hankali sosai, amma daga inda baƙar rigar ta fara cin ƙarfin Peter abin ya koma kamar fim ɗin ban tsoro. Akwai inda Mary Jane, budurwar Peter, ke gudu cikin duhu ana farautarta, akwai kuma kisan da Venom ya yi wanda ni kaina sai da na kau da kai. Da ɗana ne, zan ba shi ya yi ta lilo cikin gari da rana ina zaune kusa, in labarin ya kai wajen Venom in karɓi hannun.