Amsa ga mai tambaya kan aikin meri

Ƙanena, ka ce an kira ka aiki a meri, ofishin magajin gari, sashen eta sibil mai rajistar haihuwa da aure da mutuwa, amma abokanka suna cewa ba makoma a ciki, gara ka jira kwankur, jarrabawar ɗaukar ma'aikata ta gwamnati. Ni shawarata ka karɓa, amma ka shiga da idonka biyu.

Na fara aikin nan tun su-perefe ne ke riƙe da komai, kafin zaɓen ƙananan hukumomi na 2004, har na yi ritaya a nan Damagaram. Zaɓaɓɓun 2004 sun zo sun tafi, haka na 2011 da na Disamban 2020, a Afrilun 2024 kuma sojoji suka rushe majalisun suka naɗa kantomomi. Duk wanda ya hau kujerar, ranar farko mai riƙe da rajista yake nema, don shi ya san inda kowace takarda take. Magajin gari na wa'adi ne, kai kuwa kana nan.

Batun kuɗi ba zan yi maka daɗin baki ba. Albashinka daga asusun komin yake fitowa: haraji, tikitin kasuwa, kuɗin tasha. A cikin birni, da arondismominsa biyar da kasuwa irin ta Dole, da ɗan sauƙi. A wata komin ta karkara da na zauna kuwa, shekarar da damina ta ƙi, manomi bai biya haraji ba, mu ma muka yi watanni muna cin bashin gero wajen mai shago. Ka tanadi wata 'yar sana'a ta halal a gefe.

Amma aikin kansa, wanda bai zauna teburin ba ba zai gane nauyinsa ba. Doka ta 2019 ta ba iyaye kwana 60 su shaida haihuwa. In lokacin ya wuce, sai an bi ta kotu da shaidu. Za ka ga uwa ta zo daga Garin Malam ko Kara-kara, ta kwance bakin zane ta fito da katin awo da ya sha maiƙo, yaronta zai yi jarrabawar BEPC, an ce ba takardar haihuwa ba rajista. Ita ba ta san laifin wa ba ne, kai kaɗai take gani. Shi ya sa ba na yarda da ma'aikacin da ke zaman jiran mutane a ofis. Ka saba da ungozomomi da masu unguwa, ka saba da limamai, tunda ba jaririn da ake raɗa wa suna ba tare da su ba. In liman ya faɗa a wurin suna cewa a je meri kafin jego ya ƙare, ya fi sanarwar rediyo goma.

Sai rubutun suna. Mahamadu, Mamadu, Mahaman, Mamman: a bakinmu duk mutum ɗaya ne, a takarda mutum huɗu. Harafi guda da ka yi wa ganganci yau, shi zai hana wani fasfo ko fansho bayan shekara talatin. Ka karanta wa uban da ƙarfi kafin ka buga hatimi. Tsofaffin rajistoci kuma ka ɗaga su daga ƙasa, gara ba ta san darajar takarda ba.

Za a tare ka a masallaci da kukan ruwa, ko da yake ba ofishinka ba ne. Garin nan a kan dutse yake, tun zamanin da aka fara jawo ruwa daga Gogo da Machaya muke fama. Ka saurara, ka nuna wa mutum ƙofar da ta dace.

Inda na ga mutanen kirki sun zube shi ne yankan filaye. Fili ɗaya, takarda biyu, kowa da hatimi. In an kai ka can wata rana, kada ka sa hannu kan abin da ba ka taka da ƙafarka ba, ko kawunka ne ya kawo shi. Kwankur kuwa aikin ba zai hana ka ba. In an buɗe na ENA, makarantar horar da ma'aikatan gwamnati a Yamai, ka kai takardunka kana kan teburinka.