Tallan aikin sa-kai a gidan marayu na ƙasar waje: in biya in tafi?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ni malamin firamare ne a wani ƙauye da ke ƙaramar hukumar Gumel. Ina da NCE, shekarata uku ina koyarwa. An turo min talla a WhatsApp cewa wata ƙungiya tana neman 'yan sa-kai su je wani gidan marayu a Gabashin Afirka su yi mako uku. Sun ce in biya naira miliyan biyu da rabi na jirgi da biza da masauki, in an gama su ba ni takardar shaida da za ta buɗe min ƙofar aiki a manyan ƙungiyoyi. Baffana ya ce in abin gaskiya ne zai sayar da shanun huɗarsa. Tsakani da Allah nake son taimakon yara. In tafi?

AMSA: Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya ba ka ladan niyya. Ka ce da Baffa kada ya kai shanun nan kasuwar Maigatari. Tallan kansa abin dubawa ne, amma aikin da ake kiran ka zuwa gare shi ya fi damuna.

Irin wannan talla kashi biyu ne. Akwai damfara tsagwaronta: takarda mai tambarin Majalisar Ɗinkin Duniya, lambar asusun banki mai sunan mutum ɗaya, da matsin cewa gurbi biyu ya rage, a biya kafin Juma'a. Majalisar Ɗinkin Duniya ba ta karɓar ko sisi a kowane mataki na ɗaukar ma'aikaci ko ɗan sa-kai. Wani lokaci ma abin ya wuce cin kuɗi, ya zama hanyar safarar mutane, musamman mata da ake yi wa alƙawarin renon yara su ƙare a aikatau an ƙwace musu fasfo. Irin wannan hukumar yaƙi da safarar mutane ta NAPTIP, wadda aka kafa a 2003, ake kai wa ƙara. Akwai kuma na gaske, inda jirgin yana nan, ɗakin yana nan, gidan marayun ma yana nan. Kamfanoni ne da suka daɗe suna sayar wa samarin Turai da Amurka da Ostareliya tafiyar hutu da sunan taimako. Takardar da suke bayarwa kuwa, mai tantance masu neman aiki a babbar ƙungiya ya san sayen ta ake yi, kuma mako uku ba ya zama ƙwarewa a idonsa.

Mu ɗauka naka na gaske ne. Duk da haka ba zan ce ka je ba.

Mafi yawan yaran da ke gidajen marayu a duniya ba waɗanda suka rasa uwa da uba duka ba ne. Ƙiyasin da ƙungiyoyin kare yara suka fi ambata shi ne kusan takwas cikin goma suna da uwa ko uba a raye. Talauci ne ya kai su, ko naƙasa, ko neman makaranta. A Kambodiya, tsakanin 2005 da 2010, yawan gidajen marayu ya ƙaru da kashi 75 cikin 100, kuma UNICEF ta gano kusan uku cikin huɗu na yaran suna da mahaifi ɗaya aƙalla. Ba mutuwar iyaye ce ta ƙaru ba, baƙi masu kuɗi ne suka ƙaru. Idan baƙo zai biya domin ya ga maraya, to wani zai nemo masa marayan. A Nepal an riƙa shiga ƙauyukan kan tsaunuka ana ce wa iyaye za a kai 'ya'yansu makarantar kwana a Katmandu, har su biya kuɗi, daga baya a mayar da yaran marayu a takarda. Wannan ya sa Ostareliya a 2018 ta zama ƙasa ta farko da ta ɗauki safarar yara zuwa gidajen marayu a matsayin nau'in bautar zamani.

Ba sai mun je Asiya ba. A watan Oktoban 2007 an kama Faransawa 'yan wata ƙungiya mai suna Arche de Zoé a Abeshe, gabashin Chadi, suna shirin ɗaga jirgi da yara 103. Sun ce marayun yaƙin Darfur ne. Da aka bincika, yawancinsu 'yan Chadi ne masu iyaye ko dangi a raye. Kotu a Injamena ta yanke wa mutum shida shekara takwas-takwas, Shugaba Idriss Déby ya yi musu afuwa a 2008. Wasu daga cikin masu irin wannan aiki da zuciya ɗaya suke shiga, kuma nan ne abin tsoron yake: kyakkyawar niyya ba ta hana a raba ɗa da uwarsa.

Sai shi kansa yaron. Duk wanda ya taɓa shiga irin gidajen nan ya ga yadda abin yake. Kana sa ƙafa, ɗan shekara uku zai rugo ya rungume ƙafarka, ya ɗaga hannu a ɗauke shi, ya ƙi sauka. Baƙo sai ya ji daɗi, ya ce yaran nan akwai son mutane. Amma ka tuna ɗan da ke gidanku: in ya ga baƙuwar fuska, bayan zanin uwarsa yake ɓuya, ya yi ƙyuya, sai an lallashe shi. Wannan ƙyuyar ita ce lafiya, domin ya san nasa. Wanda yake manne wa kowa, shi ne wanda bai da wani tsayayye. Za ka yi mako uku ya saba da kai, ya fara kiran sunanka, ka ɗauki jaka ka tafi, wani ya zo. Dashen da ake tumɓukewa duk bayan mako uku ba ya kama ƙasa. A Romaniya, bayan faɗuwar gwamnatin Ceaușescu a 1989, duniya ta ga halin da dubban yara ke ciki a gidajen gwamnati. Daga 2000 masana suka bi diddigin yara 136 na irin waɗannan gidaje a Bukares, babban birnin ƙasar, aka mayar da rabinsu hannun iyalai masu riƙo. Waɗanda aka ba riƙo sun fi sauran ci gaba a basira da magana da shaƙuwa, musamman waɗanda aka ɗauke kafin su cika shekara biyu.

Mu a nan wannan ba baƙon ilimi ba ne. In mutum ya rasu a ƙauyenku, kafin a yi sadakar arba'in an san wa zai ɗauki wane, baffa ko kawu ko gwaggo. Ban ce riƙo ba shi da aibi ba, mun san 'yan riƙon da aka mayar bayin gida, su ne ɗebo ruwa su ne talla. Gyaran wannan shi ne a sa ido a kuma tallafa wa mai riƙon, ba a tara yaran a gini ɗaya ba. Ƙa'idojin da Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da su a 2009 kan yaran da ba sa hannun iyayensu haka suka nuna: dangi tukuna, gidan reno sai in babu makawa.

To ta ina mutum zai fita ba tare da ya yi ɓarna ba? Hanyoyin gaskiya abu ɗaya ya haɗa su: su ne ke ɗaukar nauyinka, kuma sana'arka suke nema. Najeriya tana da shirin TAC na tura ƙwararru aikin sa-kai ƙasashen waje tun 1987, zamanin Janar Babangida, lokacin Farfesa Bolaji Akinyemi yana ministan harkokin waje. Ana tura malamai da likitoci da ma'aikatan jinya da injiniyoyi ƙasashen Afirka da Karebiyan da tsibiran Fasifik, irin su Gambiya da Saliyo da Yuganda, su yi shekara biyu, gwamnati na biyan su alawus. Akwai shirin 'yan sa-kai na Majalisar Ɗinkin Duniya, UNV, wanda aka kafa a 1970, hedikwatarsa na Bon a Jamus. Rajista a shafinsu kyauta ce, suna biyan kuɗin jirgi da na zaman wata-wata da inshorar lafiya, kuma suna da guraben cikin gida inda ɗan Najeriya zai yi aiki a Najeriya. Tarayyar Afirka ma tana da nata na matasa, wanda aka ƙaddamar a Abuja a 2010, na shekara guda. Dukkansu gasa ce mai zafi, kuma guraben waje sun fi karkata ga mai digiri da ya yi shekaru a bakin aiki. Da NCE da shekara uku, Malam, gaskiya da saura. In da wani kuɗi da za a kashe a kanka, a kashe shi wurin cike digiri, ko a jami'ar Dutse, ko ta Kafin Hausa, ko ta Bayero.

Ka kuma san cewa aikin ba ɗaukar yara ba ne. Mai aikin gina jiki zaune yake a inuwar bishiya da ɗan siririn tef mai launi uku, yana naɗa shi a tsakiyar damtsen yaro. In ya faɗa ja, wato ƙasa da santimita 11.5, tamowa ce mai tsanani, sai a duba ƙafa ko ta kumbura, a rubuta, a tura asibiti ko a ba uwa ƙunshin abincin gyaɗar nan, a koya mata yadda za ta ba shi, a kuma ja mata kunne kada yayyensa su shanye. Mai aikin kare yara yana cike fom ne yana neman dangin yaron da ya ɓace a gudun hijira. Malami irinka kuwa, malaman wurin zai horar, su da za su zauna bayan ya tafi. Kuma za a sa ka sa hannu a kan dokoki: ba ka keɓewa da yaro, ba ka ɗaukar hotonsa ka sa a Facebook, ba ka ba shi kuɗi ko lambar wayarka. Za a nemi takardar 'yan sanda mai nuna ba ka da laifi, a tuntuɓi waɗanda ka yi aiki a ƙarƙashinsu. Duk ƙungiyar da za ta saki baƙo cikin yara ba ta tambayi wannan ba, to haka za ta saki mugu ma.

Ƙwarewar da za a tambaye ka, a ƙofar gida take. Ambaliyar 2022 ta raba dubban iyalai da gidajensu a yankin Haɗeja da Ringim, mutane suka tare a makarantu, yara suka yi makonni ba karatu. Ƙungiyar Red Cross tana da reshe a jihar Jigawa, ga 'yan agajin ƙungiyoyin addini, ga aikin rigakafi da na tamowa a asibitin shan magani na mazaɓarku. A Jahun, likitocin ƙungiyar agaji ta duniya MSF suna aiki a sashen haihuwa da na yoyon fitsari tun 2008, kuma mafi yawan ma'aikatan 'yan ƙasa ne. Ka shiga ɗaya, ka daɗe, ka karɓi horon taimakon gaggawa da na kare yara, kuma duk aikin da ka yi ka nemi wasiƙa mai kwanan wata da sa hannun shugaba. Mutanenmu suna yin aikin shekaru ba su da ko takarda ɗaya da za su nuna.

Inda Hausarka za ta yi maka rana a waje bai da nisa da Gumel. Tun 2019 dubban mutanen Sakkwato da Zamfara da Katsina suka tsallaka jihar Maraɗi saboda 'yan bindiga, akwai 'yan gudun hijirar Borno a Diffa, akwai sansanin Minawao a arewacin Kamaru tun 2013. Sai dai ba wuraren da mutum zai ɗauki jaka ya je da kansa ba ne, saboda tsaro da kuma dokar ƙasashen, kuma ƙungiyoyi 'yan ƙasa suke fara ɗauka. In lokaci ya yi, za ka buƙaci fasfo daga ofishin shige da fice, da katin rigakafin cutar shawara, da izinin da ya dace da aiki, ba bizar yawon buɗe ido ba. Fasfonka kuma ya zauna a hannunka, ko wa ya nema. Rahoto da taron aiki a Nijar da Chadi da arewacin Kamaru da Faransanci ake yi, a Chadi har da Larabci. Akwai cibiyar Alliance Française a Kano da ke koyarwa tun daga matakin farko, kuma dogon hutun makaranta ya isa ka fara.