Ga 'yar uwar da yaranta suka yi wa Kal Ho Naa Ho dariya

Wa alaikumus salam 'yar uwa. Tun da rana na ga tambayarki, na wuce, na dawo, na sake wucewa, amma abin ya ƙi barin raina, shi ya sa na zauna yanzu da yara suka kwanta. Kin ce kin tara 'ya'yanki da ƙannenki kin sa musu fim ɗin Indiyan nan Kal Ho Naa Ho, ke kina share hawaye su suna danna waya, har ɗaya ta tuntsire da dariya a daidai wurin asibiti, kina tambaya ko finafinan ne suka tsufa ko zuciyar yaran yanzu ce ta bushe. Wallahi kamar a falona kika tsaya kika rubuta. Fim ɗin nan dai, wurin nan dai, dariyar nan dai, duk an yi min.

Ni a faifan CD na fara ganinsa, na haya, ina budurwa, shekara guda bayan fitowarsa a 2003. Mu shida ne a ɗakin Innarmu, an ɗauke wuta sau biyu, muka yi ta roƙon yayanmu ya tayar da janareto. Inda Aman, jarumin fim ɗin, ya buɗe littafin abokinsa Rohit yana karanta wa Naina, yarinyar da dukansu suke so, kalaman soyayya, alhali shafukan fari fat ne, daga zuciyarsa yake zubo su, nan na sa bakin zanin Inna na toshe bakina. Na yi kuka har kaina ya yi ciwo. A lokacin babu namijin da ya kai Aman a idona. Mutum yana da ciwon zuciya, ya san kwanansa ya ƙare, ya ɓoye wa yarinyar da yake so, ya yi mata ƙarya cewa yana da aure, har ya nuna likitarsa Priya a matsayin matarsa, ya ɗauki masoyiyarsa da hannunsa ya miƙa wa aboki. Na ce wannan shi ne so. Har addu'a na yi Allah ya ba ni miji mai irin wannan zuciyar.

To Allah ya ba ni, 'yar uwa.

Baban yarana ya yi wata goma sha ɗaya yana fama da ciwon ƙoda ban sani ba. Wata goma sha ɗaya, muna kwana ɗaki ɗaya. Na ga yana ramewa, na ga ƙafarsa tana kumbura, na yi magana ya ce zaman shago ne. Ya daina cin nama, ya ce in rage gishiri, na ɗauka hawan jini ne irin na gidansu. Sau biyu a sati zai fita da asuba ya ce zai je tarar kaya, ya dawo da la'asar a galabaice ya kwanta ko abinci ba ya iya ci. Ashe wankin ƙoda ake kai shi. Kuma wadda take raka shi, take zama a gefen gadonsa, take riƙe katinsa, yayarsa ce uwa ɗaya uba ɗaya. Matar nan tana zuwa gidana, in dafa mata, ta ci, ta ɗauki autana ta yi masa wasa, ta dube ni ido cikin ido ta ce, "Ya maigidan, ya jikin gajiya?" Ba ta taɓa ko yi min hannunka mai sanda ba.

Ranar da na gane, zan ba da wanki ne. Na sa hannu a aljihun farar shaddarsa na ji takarda a ninke, na buɗe na ga ta asibiti ce, da sunansa, da jerin ranakun Litinin da Alhamis an yi musu alama da jan biro. Na tsaya a tsakar gida da rigar a hannu, mai wanki yana ƙofa yana sallama, na kasa amsawa. Da ya dawo na ajiye masa takardar a kan tabarma ban ce komai ba. Ya daɗe yana kallonta, sannan ya ce, "Kina da goyo, ban so hankalinki ya tashi." Kwana arba'in da uku muka ƙara tare. Allah ya jiƙansa ya sa ya huta, na yafe masa duniya da lahira, amma kwana arba'in da uku kawai aka bar min in yi jinyar mijina, alhali da na samu shekara guda. Da na san abin da zan dafa. Da ban yi masa fushi a kan kuɗin makarantar yara ba, ashe kuɗin can suke tafiya. Da ban kwana biyu ina gaba da shi ina zargin ko aure yake nema ba. Wannan zargin shi ne yake cina har yau.

Ita kuwa yayar tasa, ranar sadakar uku, ina cikin ɗaki da hijabina, na ji ta da kunnena tana gaya wa mata a tsakar gida wai, "Mace tana gida mijinta yana narkewa ko lura ba ta yi ba." Ita da ta ɓoye. Ita da ta ci tuwona da wannan sirrin a cikinta. Na yi takabata wata huɗu da kwana goma, ba ta taka gidan ba sai ranar rabon gado. Har yau muna gaisawa saboda yara, don jininsu ce, ina tura su gaishe ta da salla, amma in na ce miki maganar nan ta bar zuciyata na yi ƙarya. Ku yi haƙuri na yi nisa, abin ne in ya taso ba ya tsayawa.

Abin da ya sa na kawo wannan duka, bara na sa wa babbar 'yata fim ɗin, tana da shekara goma sha tara. Ta yi dariya a wurin rawa, ta yi dariya da kayan jikinsu, ta ce fim awa uku da ɗoriya ai zalunci ne. Na daure. Da aka zo inda Naina ta haɗu da Priya da mijinta na gaskiya a shagon gwal, asiri ya tonu, sai yarinyar ta ajiye waya ta ce, "Umma, wannan ai ba so ba ne. Wa ya ba shi ikon zaɓa mata? Da ya faɗa mata gaskiya, ita ta yanke." Raina ya ɓaci, na buɗe baki zan yi mata faɗa, sai na ji maganar ta tsaya min a wuya. Domin abin da na shekara bakwai ina son in faɗa ke nan ban samu bakin faɗa ba. Yarinyar da nake cewa zuciyarta ta bushe ita ta faɗa min shi.

Don haka ni dai ban yarda yaran nan ba su da tausayi ba. Wani abin da suke ƙi a finafinan nan, da gaskiyarsu. Ki tuna Tere Naam, shi ma na 2003, wanda samarin unguwa suka yi ta tsaga gashi irin na Salman Khan saboda shi. Mun yi wa Radhe, wato Salman Khan a fim ɗin, kuka da aka sa masa sarƙa a gidan mahaukata. Amma Radhen nan sace yarinyar da yake so ya yi, ya ɗaure ta, don ta ce ba ta sonsa. In yau wani ya yi wa 'yarki haka, fim za ki kira shi ko ofishin 'yan sanda za ki nufa? Ko Kuch Kuch Hota Hai na 1998, da muka haddace. Anjali tana gajeren gashi tana wasan ƙwallon kwando, Rahul bai ga mace a wurin ba, sai da ta tara gashi ta ɗaura sari bayan matarsa ta mutu sannan idonsa ya buɗe. Karan Johar da ya yi fim ɗin da kansa ya sha amincewa a hira cewa wannan ɓangaren bai yi daidai ba. To in mai abu ya yarda, mu me zai sa mu yi faɗa da 'ya'yanmu a kai? Amma wasiƙu takwas ɗin da Tina, matar Rahul, ta bar wa jaririyarta kafin ta rasu, a riƙa ba ta ɗaya duk shekara, wannan kam ko yau na gani sai na tashi na shiga ɗaki. Nawa yaran ko layi ɗaya babansu bai bar musu ba, da na sani da wuri da na sa shi ya yi musu magana ko a waya ce na ajiye.

Shawarata, kar ki ƙara tara su da yawa. Yara in sun kai uku a wuri ɗaya babu wanda zai yarda a ga hawayensa, dariyar nan rabinta kunya ce. Ki ɗauki ɗaya, da daddare, ku biyu. Kuma don Allah kar ki riƙa cewa "ku kalla nan, nan ne wurin kukan", na yi wannan kuskuren, da zarar kin faɗa kin kashe wurin. Ki kuma duba irin fassarar da kika samo. Fassarar Hausa ta taimaki iyayenmu da yawa sun fahimci labari, ban raina ta ba, amma wadda ake cusa barkwanci a bakin mutum yana kan gadon mutuwa ba za ta bar kowa ya yi kuka ba. Mu da muka kalla ba ma jin yaren, fuska muke karantawa da sautin waƙa, shi ya sa abin ya shige mu sosai. In za ki samu mai rubutu a ƙasa ya fi, muryar mawaƙi Sonu Nigam a waƙar Kal Ho Naa Ho ba abin da za a ɗora wa surutu ba ce.

Tsawon ma ki raba musu biyu. Mu mun saba, an ɗauke wuta mu jira, faifai na ɗaya ya ƙare a sa na biyu. Wanda ya tashi da bidiyon minti ɗaya ba zai zauna awa uku ba, kuma wannan ba mugunta ba ce.

Kuma ki daina ɗauka wai zamani ya wuce finafinan kuka. A Indiya an mayar da Kal Ho Naa Ho sinima a ƙarshen 2024, mutane suka je suka biya kuɗi don su yi kukan da suka riga suka san yana zuwa. Sanam Teri Kasam da ya fito a 2016 bai yi kasuwa ba, da aka sake haska shi a farkon 2025 ya tara kuɗin da ya ninka na farko, kuma matasa ne suka cika kujerun, shi ma labarin yarinya ce da ciwo ya ɗauke. Dilwale Dulhania Le Jayenge tun 1995 ake nuna shi a sinimar Maratha Mandir a Mumbai. Ko Titanic na 1997, yaran yanzu sun mayar da shi abin musu, wai katakon da Rose ta hau a teku zai ɗauki Jack da Rose su biyu, har James Cameron da ya yi fim ɗin ya sa aka gwada a ruwan sanyi a 2023. Nawa ma sun yi wannan musun. Amma da aka nuno tsoho da tsohuwa kwance a gado sun rungume juna ruwa yana shigowa ɗakin, da uwar da take ba 'ya'yanta labari don su yi barci kafin ruwan ya iso, falon ya yi tsit. Autana ya matso ya kwanta a cinyata. Mutum sama da 1,500 ne suka mutu a jirgin nan a 1912, da na gaya musu haka babu wanda ya ƙara maganar katako.

Ni ma kaina ba inda nake kuka da can nake kuka yanzu ba. Da, Aman nake yi wa. Yanzu mahaifiyarsa nake kallo, wadda ta sani take binsa da ido, da Naina lokacin da ta gane kowa ya sani sai ita. Wannan tsayuwar da ta yi a shagon, na san ta, na yi ta da riga a hannu.

Wani abu kuma, tunda mata ne da yawa a nan, ku bar ni in faɗa ko da ba shi aka tambaya ba. In kin ga maigida yana ramewa, ƙafa tana kumbura, fitsari ya canza, yana yawan gajiya, kar ki karɓi "ba komai". Ki nace, ki bi shi asibiti ko zai yi fushi. Masu hawan jini da ciwon suga su riƙa gwada ƙoda, waɗannan biyun su ne kan gaba wajen lalata ta. Ke kuma da aka ba ki sirrin ciwon ɗan uwanki, ki ji tsoron Allah ki tuna akwai wadda za ta yi takaba. Ki lallashe shi ya faɗa mata, in ya ƙi ki sa manya su yi masa magana.

Ita wadda ta yi dariyar a wurin asibiti, kar ki riƙe ta a rai. Ki same ta ita kaɗai ki tambaye ta me ta gani, ki saurara har ta gama. Tawa, bayan fim ɗin ya ƙare kowa ya watse, ina kwashe kofuna ta biyo ni kicin ta tsaya a bakin ƙofa. Ta ce, "Umma, Abba ma haka ya yi miki ko?" Tana da shekara goma sha biyu lokacin da ya rasu, ban taɓa zaton ta lura ba. Muka zauna a kan buhun shinkafa ni da ita har aka kira sallar asuba, na ba ta labarin farar shaddar tun daga farko. Takardar tana nan a cikin akwatina, ta ce in bar mata ita.