Mota, Keken Ɗinki da Wayar Oga

Wasiƙa ta farko daga wani ma'aikacin banki ce a Abuja:

"Malam, shekarata 34, ina da mata da yara biyu. Ofishinmu yana tsakiyar gari, amma tsadar haya ta kora ni Mararaba. Ƙarfe 5:30 na asuba nake fita, ba na shigowa gida sai 9 na dare. Ƙaramin ɗana har ya fara yi mini ƙiwa. Yanzu wani kamfanin casar shinkafa a Kano, garinmu, ya yi mini tayin aikin akanta, sai dai albashin ya gaza nawa da kusan kashi ɗaya cikin uku. Abokaina sun ce kada in yi wauta, in karɓi bashin ma'aikata in sayi mota, wahalar hanya za ta ragu. Me ka gani?"

Ƙanena, bari mu sallami motar tukuna, don ita ce mai sauƙin amsa: kada ka saya, in dai don wannan dalilin ne. Duk wanda ya taɓa bin hanyar Keffi da sassafe ya san daga Mararaba zuwa Nyanya, a wuce gadar Karu, a bi ta Kugbo har AYA, da mai jif da mai bas ɗin haya layi ɗaya suke ja. Mota za ta raba ka da tsayuwar bakin titi da matsi, gaskiya ne, amma ɗan gyangyaɗin da kake yi a bas ma za ta ƙwace, tunda yanzu kai ne a sitiyari. Ga mai, wanda tun da aka cire tallafi ranar 29 ga Mayun 2023 kuɗinsa ya ninka ba sau ɗaya ba. Babban abin ma shi ne bashin. Bashin ma'aikata yawanci a jikin albashi yake ɗaure, ranar da ka ce za ka tafi sai a miƙo maka lissafin abin da ya rage. Kai da kake neman ƙofar fita, ga shi ana ba ka shawarar ka sayi kwaɗo.

Yanzu ɗauko biro. Daga 5:30 zuwa 9 awa 15 da rabi ke nan. Sau biyar, awa 77 da rabi a mako. Wannan shi ne abin da kake sayar wa banki, ba awa takwas ɗin da ke rubuce a takarda ba. Ka cire kuɗin mota, da abincin da kake saya a waje, da hayar gida, ka raba ragowar da waɗannan awanni. Sannan ka yi wa tayin Kano irin wannan lissafi. Da yawa daga cikin masu rubuto mini, idan suka yi haka, sai su tarar tazarar da ta cika musu ido ta motse, wani lokaci ma ta juye.

Akwai kuma abin da biro ba ya kamawa nan take. A 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya da Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya sun fitar da wani nazari da ya nuna masu aikin awa 55 ko fiye a mako sun fi masu awa 35 zuwa 40 haɗarin shanyewar ɓarin jiki da kashi 35 cikin 100, haɗarin mutuwa ta ciwon zuciya kuma da kashi 17. Ko an cire maka zaman hanya, ina kyautata zaton kana bakin wannan layi. Yaushe rabonka da auna jini?

Sai dai kada ka saki reshe ka kama ganye. Kafin ka rubuta takardar ajiye aiki, ka fara neman canjin reshe zuwa Kano. Ba ka da asarar komai sai takarda. In bai yiwu ba, ka ɗauki hutun kwana biyu ka je kamfanin da kanka, amma ba ofishin manaja nake nufi ba. Ka samu benci wajen mai shayin da ke kusa da get, tun la'asar sakaliya, ka zauna ka ga ƙarfe nawa ma'aikatan ofis suke fitowa, da irin fuskar da suke fitowa da ita. Ka ja mai gadi da hira: ana biya a kan kari, ko wata yana hawa kan wata? Ana zuwa Asabar? Masu casar shinkafa suna da lokacin kaka, sanda tireloli ke layi da shanshera, kuma a wannan lokaci akanta ba ya tashi da wuri. Gara ka ji wannan daga bakin mai gadi tun yanzu.

In ka gamsu, komai ya zama a rubuce. Dokar fansho ta 2014 ta ce ma'aikaci ya zuba kashi 8, mai kamfani kashi 10; ka tambaya ko suna zubawa, kuma a wane asusu. Hutun shekara kuwa, abin da dokar ƙwadago ta tilasta kwana shida ne kacal bayan wata goma sha biyu, ita ma ɗin ba ta cika rufe masu aikin ƙwararru irinka ba, don haka abin da ke cikin takardar ɗaukarka shi ne naka. Ka kuma sa harajin zama a gida cikin lissafi: biki, suna, asibitin gwaggo, kuɗin makarantar ɗan ƙanwa, duk wanda nisa yake kāre ka daga gare shi yanzu zai san ƙofarka. Ka zauna da maiɗakinka ku yi wannan lissafi tare, ita ce ta san farashin rashinka a gida fiye da ni da abokanka.

In da ni ne, kuma binciken ya fito fes, da na koma. Na taɓa yin shekara uku a wani ofis da ba a tashi sai oga ya tashi, shi kuwa ba ya gaggawar gida. Albashin na manta nawa ne. Abin da ban manta ba, ranar saukar karatun 'yata a waya aka ba ni labari.

Ta biyu daga wata malama a Zariya:

"Malam, ina koyarwa a wata makarantar kuɗi, da daddare kuma ina ɗinki da tsohon keken mahaifiyata. Ɗinkin nake so har raina, koyarwar kuwa dole ce. Zan kwashi adashi wata mai zuwa. In sayi babban keke mai lantarki in bar makaranta?"

Malama, ki sayi keken, amma ki riƙe allin tukuna. Abin da nake tsoro shi ne ki auna sana'ar da watan azumi. A lokacin kowane tela sarki ne, atamfa da leshi har ƙofa, ana roƙo ana ba da haƙuri. Ki auna ta da watanni biyun da ke bayan babbar sallah, ko tsakiyar damina sanda kuɗi ke gona. Ki sayi littafi na musamman, ki riƙa rubuta kowane ɗinki: abin da aka biya, abin da zare da zif da shafi suka ci, da wanda aka ce "zan aiko". Idan kika yi shekara guda cif, kika ga ko a watan da ya fi muni ribar ta kai albashinki, to ki tafi da albarka, ki kuma ba makaranta sanarwa a ƙarshen zango, don iyayen yaran nan su ne kwastomominki na gobe.

Game da keken kansa, wuta ce za ta yanke hukunci. Manyan kekuna irin su Juki suna da gudu da tsabtar ɗinki, amma in aka ɗauke wuta sun zama tebur. Ki nemi keke mai injin da ba ya juyawa sai an taka, ya fi ƙarancin cin wuta da ƙara, ƙaramin janareta ko sola ma za su iya ɗaukarsa. Ki tafi da telan da kika yarda da shi, ya ɗinka ƙyallen yadi mai kauri da mai santsi a gabanki kafin ki biya. Kada kuma ki sayar da na Hajiya. Ranar da ba wuta shi zai fitar da ke kunya.

(Da a makarantar gwamnati kike, da sai na ja miki kunne: kundin tsarin mulki ya hana ma'aikacin gwamnati na cikakken lokaci tafiyar da kasuwancin kansa, in ban da noma. Ke dai ki duba takardar yarjejeniyarki.)

Abu ɗaya zan ƙara. Sana'ar da mutum ke so ta fi wadda ba ya so iya cinye shi, don ba ya jin lokacin da ya kamata ya tsaya. Tun yanzu ki sa wa keken lokacin rufewa, ki koyi cewa "ba zai samu kafin sallah ba" ko da mai kayan ƙawar babarki ce.

Ta ƙarshe gajeruwa ce, daga Kaduna: "Ogana yana turo saƙon aiki ta WhatsApp har 11 na dare. In sayi waya ta biyu?"

Saya, amma 'yar rakani-kashi ta isa, wadda za ka bar wa iyali da 'yan'uwa lambarta. Babbar kuma ta kwana a falo bayan isha'i. Sai dai wayar ba za ta yi maka maganar ba. Ka samu oga da rana, lokacin da yake cikin nishaɗi, ka ce, "Ranka ya daɗe, in abu na gaggawa ne a kira ni kai tsaye, zan ɗauka; saƙonni kuwa da su zan fara kafin 8 na safe." Sannan ka tabbata ƙarfe 8 ta same ka ka amsa su duka, musamman a makon farko, don a makon ne zai gwada ka.